Akwatin Tambayar da Na Cire wa Yaya

Ranar sunan 'yar Nafisa ina ɗaki ina ƙulla wa baƙi cincin, sai na jiyo muryarka ta taga, Haruna, kana ba abokanka labari a ƙofar gida. Ka ce da yanzu kuna da karatun kakanku Malam a waya, amma Kawu Muntari ya goge shi kaf, don ba ya son a ji wanda ya fi shi. Ka faɗa kana dariya, irin faɗar abin da kowa ya riga ya sani. Ban leƙo na tsawata maka ba, domin ba ni da bakin yi. Gaskiya ne ban taɓa faɗa muku haka ba, amma sau nawa aka faɗa a gabana na ci gaba da tankaɗena? Shi ya sa na zauna zan rubuta muku, kai da Nafisa da Ummi, yadda abin ya faru, tun ina da hankalina a jikina. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya kira ni a waya yana ce min haba Mama.

A shekarun da nake magana ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a nan Dutse, na doshi hamsin, muna zaune a gidanmu na Takur. Kun san ni da kafiya. Wani matashin malami da aka kawo mana ya taɓa cewa a ɗakin malamai wai irinmu tsofaffin hannu buga takarda kawai muka iya. Ban tanka masa ba, amma ban yafe ba. Na shiga koyon gina shafin intanet da kaina, ina bin darussa tsakanin la'asar da magariba, tuwo yana kan wuta, Abbanku yana min tsiya wai ashe ɗaliba ya aura da tsufansa. A nan na gane ba daga tushe ake gina komai ba. Akwai tsarin da wasu suka riga suka tanada da kayan haɗinsa a shirye, kamar yadda magini yake sayo ƙofa da taga a wurin mai walda ya zo ya kafa. Naka shi ne ka san inda za ka kafa kowanne, da lokacin da zai buɗe, da lokacin da zai rufe. Da hannuna ya faɗa sai na rasa abin da zan gina wanda ya kai wahalar, har ranar da na je gida Aujara na tarar Malam ya fara riƙe sanda.

Ku kun san shi da tsufa, yana zaro muku dabino daga aljihu. Ni na san shi a zaure. Tun ina ƙarama, daga an idar da asuba har hantsi manyan ɗalibai suna kewaye da shi a kan tabarmi, mai fiƙihu da mai nahawu da mai tafsiri, ɗalibi ya karanto layi, Malam ya fassara ya warware. Mu mata daga bayan ƙofar da ta shiga cikin gida muke ji muna surfe. Bai taɓa yarda a ɗauki muryarsa ba. Tun zamanin kaset mutane suke zuwa da rikoda yana sallamar su da addu'a, yana cewa wanda yake son karatu ya tako ya zauna. Amma ni sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake ce min Uwani, kuma na san inda zan kama shi. Da la'asar na durƙusa a gefen buzunsa na faɗi buƙatata.

"Uwani, kin san ba na son wannan abin."

"Na sani, Malam. Amma ɗalibanka da suke Legas da Maiduguri fa? Su ma tsufa ya zo musu, ba za su iya takowa ba."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya yi murmushi.

"To, ya zan yi da uwata. Amma da sharaɗi. A ji, kada a ɗauka. Ba na son a yayyanka maganata a riƙa yawo da ita a kasuwa."

Kusan shekara biyu, duk Juma'a in an tashi daga makaranta zan hau motar Jahun in sauka a Aujara. Asabar da Lahadi kafin ɗalibai su iso zan ajiye wayata a kan wata 'yar kujera kusa da shi, in koma bayan ƙofa in zauna inda na saba zama ina yarinya. Ban taɓa jin daɗin wani aiki a rayuwata kamar wannan ba. Wayar tana ɗaukar komai: tarin ɗalibai, kukan akuyoyin Inna mahaifiyarmu, da dariyar Malam in wani ya kwafsa a karatu. In waya ta cika sai in juye a kwamfutata in share. Da na gama gina shafin na ɗora darussan duka a can, sun haura ɗari biyu, na tsara shi yadda Malam ya ce: za ka iya saurara, ba za ka iya saukewa ba. Ba a jima ba kwamfutar ta fara min gardama, na kai ta aka wanke ta tas. Mai gyaran ya tambaye ni ko akwai abin da nake son a cire min tukuna, na ce babu, ai komai yana can a ajiye. Na yi niyyar in sauke kwafi in adana a wani wuri. Niyya ce kawai, ku riƙe wannan.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ake kira akwatin tambaya, don a kansa komai ya rataya. Masu sana'ar suna ce masa modal. Kun sha ganinsa a wayoyinku: ka danna wani abu, sai fuskar wayar ta yi duhu-duhu, wani ɗan akwati ya fito a tsakiya da tambaya, ba za ka iya taɓa komai a bayansa ba sai ka amsa. Yana cikin kayan da tsarin yake zuwa da su, amma kai ne mai juya shi. Ni nawa na ɓata masa kwanaki. Na hana shi rufewa in an taɓa gefensa da kuskure. Na sa amsar A'a ta zama ita ce babba, ita ce kusa da yatsa, amsar E kuwa ƙarama, ja, a can gefe. A ciki na rubuta: "Ka tabbata kana so ka goge? In ya tafi ba ya dawowa." Wurare biyu ne a shafin ake gogewa. Kowane darasi yana da ɗan maɓallinsa a gefe, sannan a saman jerin akwai wani wanda yake share rumbun darussan gaba ɗaya. Na yi shi ne tun lokacin da nake gwaji, ban cire ba. Akwati ɗaya na rubuta na sa yana tsaron duka biyun, ina ta jin daɗi wai na yi dabara, ban maimaita aiki ba. Da na nuna wa Malam, ya sa na danna masa har sau uku yana kallo.

"Wato ba zai bar ki ki wuce ba sai kin ba shi amsa?"

"Ba zai bari ba, Malam."

"Kai, wannan ya fi rabin ɗalibaina tarbiyya."

Sai maganar Yaya Muntari. Ya girme ni da shekara bakwai, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa barin gefen Malam ba. Ni na yi boko na tafi birni, shi ya zauna, yana noma gonar gida da damina, yana karɓar karatun ƙananan ɗalibai, yana riƙe wa Malam buta. Mutum ne mai nauyin baki da saurin jin an raina shi. A lokacin ban ga abin da nake yi masa ba, sai yanzu. Shekara talatin yana hidima ba a taɓa yaba masa a gaban mutane ba, don Malam ba ya yabon wanda yake kusa da shi. Ni kuwa na zo da waya a jaka, ana ta cewa Uwani ta yi abin da ba a taɓa yi ba. Duk da haka shi na roƙa ya taya ni, domin ni ban san wane darasi ne na wane littafi ba, shi kuwa da ya ji layi biyu zai faɗa maka babi. Na saya masa waya, na buɗe masa hanyar shiga irin tawa, wadda za ta iya sa suna, ta gyara, ta goge. Ya karɓa ba don yana so ba, amma ya yi aikin da kyau, kowane darasi ya sa shi a muhallinsa.

Da damina ta yi nisa Malam ya fara kwanciya, Yaya ne yake zama a zaure a madadinsa. Wata Lahadi bayan an tashi karatu, manyan ɗalibai uku ko huɗu ba su tafi ba, ya ciro wayar zai cire wani darasi da jakin maƙwabta ya cika shi da kuka, ba a jin komai. Ya danna, akwatina ya fito. Ɗaya daga cikin ɗaliban, dattijo ne mai son barkwanci, ya leƙa ya karanta da ƙarfi, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ka ji, ana tambaya ko ka tabbata." Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma mutumin da bai yi wata guda a kan buzun ubansa ba, kowace dariya ƙaya ce a gare shi. Ya shigo cikin gida ya same ni ina taya Inna tsince wake.

"Ke Uwani, ke kika rubuta wannan abin?"

"Ni ce, Yaya. Ai kowa yake tambaya, har ni."

"Kowa? Ni ne kowa? Ni zan ce a cire abu, ƙanwata ta aiko a tambaye ni a gaban ɗalibai ko na san abin da nake yi?"

"Yaya, ba raini ba ne wallahi, tsaro ne. Yatsa yana zamewa."

"Yatsanki dai. Ki cire min shi, ko ki karɓi wayarki."

Na buɗe baki zan ƙara magana, Inna ta taɓa ƙafata. Ba ta ɗago daga kan wakenta ba ta ce, "Yayanki ne. In babba ya ce a yi, ba a ce masa ka tabbata." Ku da kuka taso a Dutse za ku ga kamar ƙaramin abu ne. A gidanmu ba haka ba ne. Ban taɓa jin wani ya sake tambayar Malam abin da ya riga ya faɗa ba, ban kuma taɓa jin Inna ta yi wa yayyenta haka ba. Na iya musu da shugabar makarantarmu har ta gaji, amma a tsakar gidan Aujara ni ƙanwa ce. Na ce to.

Ranar Litinin da na dawo daga aiki na buɗe kwamfuta na ƙara sharaɗi ɗaya, layi ɗaya tak: in Yaya ne ya shiga, kada akwati ya buɗe, a zartar kawai. Na ƙirƙiri darasin ƙarya na shiga da sunansa na gwada. Na danna, ya ɓace, ko ƙiftawa fuskar ba ta yi ba. Ga abin da na ɓoye tsawon shekarun nan, har Abbanku ya rasu bai ji shi daga bakina ba. A wannan zaman na tuna akwati ɗaya ne yake tsaron maɓallan nan biyu. Na gani da idona cewa na cire wa Yaya tsaron darasi ɗaya, na kuma cire masa tsaron rumbun gaba ɗaya, abin da bai roƙa ba, bai ma san da shi ba. Aikin raba su bai kai na minti ashirin ba. Kira ɗaya zan yi in ce masa, Yaya, kada ka taɓa na saman nan. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce sai gobe, kuma a ƙasan zuciyata akwai haushi: tunda shi ya san komai, ya ji da shi. Aka kira magariba na rufe kwamfutar. Gobe ta zo da takardun jarrabawa, jibi aka kira ni jikin Malam ya yi tsanani.

Ya rasu ana yankan gero. Ba zan ba ku labarin wannan ba, kuna wurin, kun ga mutanen da suka cika Aujara. Abin da ba ku gani ba shi ne, bayan an watse, duk safiya kafin in tafi aiki nakan sa darasi ɗaya in jingina wayar da kwanon sha ina saurara ina ɗaura ɗankwali. Kwana arba'in ina haka, kuma kwanakin nan ban ji na rasa uba ba sosai. Ɗalibansa suna ta kirana daga garuruwa suna sa min albarka. Ina amsawa ina jin kaina wata aba.

Kwana biyu bayan sadakar arba'in, da hantsi, ina tsakiyar aji wayata ta yi ƙara. Yaya ne, shi da ba ya kirana sai da dalili. Na fita baranda.

"Uwani, karatun Malam ya ɓata daga wayata. In kin samu sarari ki dawo min da shi."

Muryarsa a kwance take, don shi a zatonsa wayarsa ce kawai ta samu matsala. Daga baya na ji yadda aka yi. Ya zauna shi kaɗai a zaure yana sauraren darasin ƙarshe da na ɗauka, wanda Malam ya yi shi da zazzaɓi a jikinsa. A ciki ya maimaita layi ɗaya sau uku, sannan ya yi shiru ya ce, ina muka tsaya? Yaya bai so ɗalibai su ji ubansa a haka ba. Darasin shi ne na farko a saman jeri, maɓallinsa yana dab da ƙasan wancan babban. Idonsa cike da hawaye, yatsansa na manomi, ya danna na saman.

Na buɗe shafin a wayata ina tsaye a barandar, na ga fili fetal, sai sunan Malam a sama. Na koma gida ko sallamar shugaba ban yi ba. Na rubuta wa masu wurin da na ajiye shafin, suka amsa min cikin ladabi cewa irin ajiyar da na zaɓa ba ta da kwafi, kuma an rubuta haka tun farko. An rubuta, na karanta, na wuce. Na kai kwamfutata wurin mai gyara, na kai tsohuwar wayata har Kano, aka yi ta tono. Abin da aka samo hotunan bikin wata ƙawata ne. Na kira duk ɗalibin da na sani ko wani ya saɓa wa sharaɗin Malam ya ɗauka a ɓoye. Ban taɓa fatan a ce wani ya yi rashin biyayya ba sai ranar, amma duk sun yi masa biyayya.

Su kuma suka fara tambaya, wa ya goge? Na farko da ya tambaye ni wani dattijo ne daga Maiduguri, yana kuka a waya. Na ce masa, "Daga wayar Yaya aka danna." Kowace kalma a ciki gaskiya ce, kuma ban taɓa yin ƙarya mai girmanta ba. Na faɗa sau ɗaya, na biyu ya zo da sauƙi. Magana ta tashi daga bakina ta yi ƙafa. Kafin rani ya shigo ana cewa wai a cikin wani darasi Malam ya ambaci wanda yake so ya gaje shi, kuma ba Muntari ba ne, shi ya sa ya share. Ni na ɗauki darussan nan, na saurari kowanne, babu wannan maganar ko kusa. Da na ce a bakin mutum biyu babu, da ta mutu. Na yi shiru. Ina jin kunya a ce malamar kwamfuta, wadda aka yi ta yabo, ita ce ta bar ƙofa a buɗe kuma ba ta ajiye kwafi ba. Kuma ina jin zafinsa, ina cewa a raina ai shi ya ce a cire. Manyan ɗalibai suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma wurin wani malami a Miga. Yaya bai kare kansa a wurin kowa ba. Ya aiko min da wayar a cikin leda, har da cajarta, bai sake riƙe waya mai fuska ba. Na daina zuwa Aujara sai da salla, in gaishe shi daga bakin ƙofa ya amsa, shi ke nan. Na goge shafin ma gaba ɗaya, ban sake gina wani ba har na yi ritaya.

Shekarun nan duka ba abin da nake so kamar in ji Malam ya ce Uwani. Nakan tsaya cak a kasuwa in na ji wani tsoho yana magana a bayana, in juya in ga ba komai. Wani lokaci nakan kama kaina ina duba waya da safe, kamar wani zai tausaya min ya dawo da su. Amma kewata ban bari ta tuna min da cewa akwai wanda kewarsa ta fi tawa ba, kuma shi an haɗa masa da baƙin suna.

Asabar ɗin da ta biyo bayan sunan 'yar Nafisa na hau motar Jahun ban faɗa wa kowa ba. Na isa da hantsi. A zauren da a da ba ka samun wurin sa ƙafa, mutum uku na tarar, su ma suna naɗe littattafansu. Na jira suka fita, na yi sallama na shiga na durƙusa. Tun da aka haife ni ban taɓa zama a cikin zauren nan da safe ba. Yaya ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi fari-fari, sai da na yi magana ya gane ni. Na faɗa masa komai kamar yadda na rubuta muku a nan, ban rage ba: akwati ɗaya, maɓalli biyu, abin da na gani ranar Litinin ɗin, haushin da ya hana ni kira, kwafin da ban ajiye ba, da amsar da na riƙa ba mutane. Yana saurara kansa a ƙasa. Da na gama ya ɗago kai.

"Wato kin sani."

"Na sani, Yaya."

"Kin sani, kika bar ni a rana shekara da shekaru. Kin kyauta, Uwani."

Na ce zan kira ɗaliban ɗaya bayan ɗaya in faɗa musu. Ya girgiza kai.

"Wa za ki kira? Rabinsu sun mutu, sauran sun saba da abin da suka ji. Ki faɗa wa 'ya'yanki dai. Haruna ya zo gaisuwar salla bara, ya miƙo min hannu yana kallon bango."

Ka ji, Haruna. Ya gani, da idon nan nasa da ba ya gani sosai.

Na roƙe shi gafara ina kuka. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ya ce yatsan dai nasa ne, kuma shi ya ɗaga min murya a gaban Inna. Na yi zaton magana ta ƙare, na fara gyara mayafina zan tashi. Sai ya ce in zauna. Ya matso da fuskarsa kusa da ni, ya rage murya kamar mai jin kunyar abin da zai roƙa.

"Uwani, karatun duk yana kaina. Babu layin da ya fassara da ba zan iya kawo miki shi ba yanzu, kalma da kalma. Amma in na tuno, da muryata nake ji. Tasa ta tafi, ban san ranar da ta tafi ba. Ke kin saurare shi fiye da kowa. Ki ɗan yi min yadda yake buɗe karatu, ko kaɗan ne. Ba sai ya yi daidai ba."

Na ce to, Yaya. Ban yi shakka ba ko kaɗan, ni da na yi kwana arba'in ina jin sa kowace safiya. Na rufe ido na nemo shi. Ga buzun, ga carbin, ga hannunsa a kan littafi, ga leɓensa yana motsi. Na san muryar mai kauri ce, na san ba ya sauri, amma irin sanin da ake yi wa abin da aka ba ka labari ne. Na jira ta zo. Yaya ya karkato kunnensa wajena, bakinsa a ɗan buɗe, yana jira shi ma.

"Ki yi mana," ya ce. "Ina ji."